Daga ɗigo 176 zuwa yau: tarihin lambobin da ke ceto hotunan magabata

Duk wanda ya taɓa shiga hidimar buga kalandar ƙungiya ya san wannan takaicin: a nemo hoton wani dattijo da ya rasu, a kai wa mai ɗab'i, aiki ya fito fuskar ta dusashe har jikokinsa su kasa gane shi. Sau da yawa hoton ba shi da laifi. Matsalar tana wurin lambar da aka zaɓa lokacin da aka ɗora shi a na'urar sikana, kuma wannan lamba tana da tarihi.

A 1957, wani injiniya mai suna Russell Kirsch, da ke aiki a hukumar kula da ma'aunai ta Amurka, ya haɗa na'urar da ta fara shigar da hoto cikin kwamfuta. Hoton da ya gwada na jaririn ɗansa ne ɗan wata uku, faɗinsa kamar santimita 5. Kwamfutar ba ta iya ɗaukar bayanai da yawa, saboda haka ya yanka hoton zuwa ƙananan ɗigo, 176 a tsaye 176 a kwance. Tun daga nan, kowane hoto a waya ko kwamfuta tarin ɗigo ne, kuma yawansu ke nuna iyakar abin da za a gani. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya ƙera kyamarar farko da ba ta buƙatar fim. Hotonta ɗigo 100 ne sau 100, kuma sai ta shafe daƙiƙa 23 kafin ta adana shi a kaset.

Ma'aunin da ake kira dpi yana nufin ɗigo nawa ne a cikin inci ɗaya. Lambobi biyu suka fi yawo a bakin masu shagunan kwamfuta, 72 da 300.

Ta farko ta samo asali ne daga maɗaba'a. Masu jera haruffa sun daɗe suna auna girman harafi da wani ma'auni da kusan 72 ɗinsa ke cika inci ɗaya. Da kamfanin Apple ya fitar da Macintosh a 1984, sai ya sa fuskar kwamfutar ta ɗauki ɗigo 72 a inci, domin harafi ya fito a takarda daidai girman da aka gan shi. Dukan fuskar ɗigo 512 ne sau 342. Daga baya Windows ta zaɓi 96. Haka aka gaji maganar cewa 72 ta isa hoton kallo. Amma zamani ya wuce nan: wayar iPhone 4 ta 2010 ɗigo 326 take da shi a inci, kuma wayoyi da yawa na yau sun zarce haka. A fuskar waya, abin lura shi ne jimillar ɗigon da ke faɗin hoton.

Ita kuwa 300 ta takarda ce. Firintar LaserJet da kamfanin HP ya fitar a 1984, da LaserWriter ta Apple a 1985, duk a kan 300 suke bugawa. Masu buga mujallu kuma suna jera ƙananan ɗigon tawada layi 150 a inci, sai suka saba neman ninki biyu na hakan a hoton da aka kawo masu. Ga shi kuma idon mutum, idan ya riƙe takarda a tazarar karatu, da wuya ya rarrabe abin da ya fi haka ƙanƙanta. Shi ya sa babban allon talla na bakin titi ba ya buƙatar 300, tunda daga nesa ake kallonsa.

To mene ne ruwanmu da wannan tarihi? Unguwannin Hausawa a Kudu sun daɗe. Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta. A gidaje da yawa akwai hotunan sarakunan Hausawa, da limamai, da fataken goro da na shanu, wasu a akwati, wasu a bango danshi yana cin su. Akwai wasiƙun ajami da takardun filaye. Galibi kwafi ɗaya ne tak, idan ya lalace shi ke nan.

Mu yi lissafi. Ƙaramin hoto irin na fasfo faɗinsa inci 2 ne. Idan aka yi sikaninsa a 72, ɗigo 144 kawai za a samu, wato bai ma kai hoton Kirsch na 1957 ba. A 300 za a samu 600, wanda zai yi kyau idan a girmansa za a sake buga shi. Amma idan so ake ya kai inci 8 a kalanda, ɗigo 600 ɗin za su bazu, kowane inci ya tashi da 75, fuska ta narke. Sai an ɗauke shi a 1,200 kafin a samu ɗigo 2,400, waɗanda za su ba da 300 a kowane inci.

Don haka ga abin da ya kamata a riƙe. Takardar rubutu da hoton da za a buga a girmansa, 300 ta wadatar. Tsohon hoto da rubutun ajami da za a adana, a sa 600. Ƙaramin hoto da za a faɗaɗa, a sa 1,200. Babban kwafi ana iya rage shi a kowane lokaci don sakawa a Facebook, amma ƙarami ba ya dawo da abin da bai ɗauka ba. Manhajojin da ke gyara dusasshen hoto ƙiyasi suke yi, suna iya ba kakanka hancin da ba nasa ba.

A kula kuma da WhatsApp, domin yana matse hoto idan aka tura shi yadda aka saba. A tura ta hanyar da ake aika fayil, a ajiye asalin a wuri biyu, a rubuta sunan mai hoton da shekarar tun masu saninsa suna raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.