Zubar da Ciki a Ƙasar Hausa: Tarihin Hukunci, Muhawara da Alƙaluma

Zubar da ciki shi ne fitar da ɗan tayi daga mahaifa da gangan tun kafin ya isa rayuwa a waje, saɓanin ɓari wanda ke aukuwa ba da nufin kowa ba. A Kano da sauran biranen ƙasar Hausa hukunce-hukunce iri uku ne suka hau kan wannan al'amari bi da bi: fiƙihun Malikiyya, dokar laifuffuka ta 1960, da dokokin Shari'a na shekara ta 2000. Duka ukun sun haramta shi in ba don ceton ran uwa ba. Sai dai binciken da aka soma tattarawa tun shekarun 1990 ya nuna cewa haramcin bai hana aukuwarsa ba, ɓoye shi kawai ya yi, kuma matan da ba su da hali su ne suka fi mutuwa ko naƙasa ta dalilinsa.

Matsayin fiƙihu

Malaman Musulunci sun gina hukuncin a kan matakan halittar ɗan Adam. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud ya nuna cewa tayi kan yi kwana 40 yana maniyyi, 40 yana gudan jini, 40 yana tsoka, sa'annan a busa masa rai. Saboda haka mazhabobi huɗu suka haɗu a kan cewa bayan kwana 120 zubar da ciki haramun ne, kuma malaman zamani sun togace halin da barinsa zai halaka uwa.

Saɓanin yana kan abin da ya gabaci wannan lokaci. Da yawa daga Hanafawa sun yi sassauci kafin kwana 120 idan akwai uzuri. Malikiyya, wadda ita ce mazhabar zaurukan Kano, Katsina, Zariya da Sakkwato, ta fi kowacce tsanani: maganar da aka dogara da ita, kamar yadda Shehu Dardir ya kawo a sharhinsa na Muhtasar Halil, ita ce ba a fitar da abin da mahaifa ta riƙe ko da bai kai kwana 40 ba. Lakhmi yana cikin 'yan tsirarun Malikawa da suka halatta kafin kwana 40. Wanda ya jawo zubewar ciki yana biyan gurra, wato kashi ɗaya cikin 20 na cikakkiyar diyya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin zaure ke karantawa, ta ƙiyasta ta da dinari 50 ko dirhami 600.

A 1990 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawar cewa ana iya fitar da tayi kafin kwana 120 idan kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar da mummunar tawaya da ba ta da magani, kuma iyaye suka nema.

Al'ada da matsin zamantakewa

Al'ummar Hausawa na ɗaukar haihuwa arziki, kuma darajar mace a gidan miji, musamman inda akwai kishiya, tana da nasaba da 'ya'yanta. Duk da haka akwai ciki iri biyu da al'ada ta daɗe tana ƙyama. Na farko cikin da aka samu ba aure, wanda abin kunyarsa ke bin dangi gaba ɗaya, ya kuma bi yaron har girmansa. Na biyu kwanika, wato mace ta ɗauki ciki tana goyo kafin yaye, abin da ake ganin yana cutar da ɗan da ake goyo, ana kuma yi wa mai shi gori. Ungozomai da masu maganin gargajiya sun daɗe suna ba da jiƙe-jiƙe da sunan dawo da jinin al'ada da ya tsaya, kuma sau da yawa iyaka tsakanin wannan da zubar da ƙaramin ciki ba ta fita fili, ko ga mai sha ko ga mai bayarwa.

A fiƙihun Malikiyya bayyanar ciki ga macen da ba ta da miji na iya zama hujjar zina. Wannan ya fito fili a shari'ar Safiya Husaini a Sakkwato, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta sallama a Maris 2002, da ta Amina Lawal a Katsina, wadda aka sallama a Satumba 2003. Cikin hujjojin da aka kafa a shari'ar Amina har da kwantaccen ciki, wanda Malikawa suka yarda yana iya kaiwa shekara biyar bayan rabuwa da miji.

Dokokin gwamnati

Dokar laifuffuka da Turawan mulkin mallaka suka kafa a Arewa a 1904, suka kuma shimfiɗa ta ga duk Nijeriya a 1916, an kwaikwayo ta daga ta jihar Kwinslan ta Ostireliya. Ita ce har yau ke aiki a yawancin jihohin Kudu: ɗaurin shekara 14 ga wanda ya zubar, 7 ga matar da ta zubar da nata, 3 ga wanda ya samar da magani ko kayan aiki.

Gab da samun 'yancin kai, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ta haifar da dokar laifuffuka ta Penal Code, wadda aka ɗauko daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya ta 1860, ta fara aiki a 1960. Sashe na 232 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya zubar da ciki da gangan, sai idan ya yi da kyakkyawar niyya don ceton ran matar. Sassan da ke biye sun yi magana kan mutuwar mace ta dalilin haka da kuma kashe jariri kafin haihuwa.

Da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Janairun 2000, Kano ta biyo baya a Yunin shekarar, har jihohin suka kai 12. Sababbin dokokin sun riƙe togaciyar ceton ran uwa, suka kuma shigo da gurra cikin hukuncin. A Jamhuriyar Nijar kuwa, dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta ba da dama idan ciki na barazana ga rai ko lafiyar uwa, ko tayin na da mummunar cuta.

Muhawarar sauya doka

Yunƙuri na farko mai ƙarfi shi ne ƙudurin 1981 da ƙungiyar likitocin mata ta Nijeriya, SOGON, ta mara wa baya a Majalisar Wakilai. Ya nemi a halatta idan likitoci biyu suka tabbatar da haɗari ga lafiyar mace. Shugabannin addini da Majalisar Ƙungiyoyin Mata ta Ƙasa suka yi masa ca, ya faɗi. A farkon shekarun 1990 Ministan Lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya sake taso da batun, bai kai ga zama doka ba. Ƙudurin lafiyar haihuwa na Sanata Daisy Danjuma a 2006 shi ma ya mutu bayan an zarge shi da buɗe ƙofar zubar da ciki ta bayan gida. Jihar Imo ta yi dokar da ta sassauta a 2012, ta soke ta a 2013 saboda matsin Cocin Katolika. Legas ta fitar da ƙa'idojin aiki ga likitoci a Yunin 2022, gwamna ya dakatar da su cikin 'yan kwanaki.

Nijeriya ta rattaba hannu kan Yarjejeniyar Maputo ta 2003, ta tabbatar da ita a 2004. Sashe na 14 ya nemi ƙasashe su ba da dama a halin fyaɗe, ko cikin da muharrami ya yi, ko haɗari ga lafiyar uwa, amma ba a shigar da wannan cikin dokokin laifuffuka ba. Abin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta yi a 2018 shi ne fitar da jagora ga likitoci kan cututtukan da suka shiga ƙarƙashin ceton rai.

Masu neman sauyi, galibi likitoci da ƙungiyoyin kare haƙƙin mata, suna kafa hujja da gawarwakin da suke gani da kuma halin yarinyar da aka yi wa fyaɗe. Masu adawa, malaman Musulunci da na Kirista, suna cewa tayi rai ne mai alfarma, sassautawa za ta ƙara yaɗa alfasha, kuma suna zargin cewa ƙasashen Yamma ne ke tura manufar don rage yawan al'umma. Wannan zargi ya yi ƙarfi a Arewa tun lokacin manufar yawan jama'a ta 1988 da taron Alƙahira na 1994.

Alƙaluma

Ƙirga abin da doka ta haramta kuma al'umma ke ƙyama yana da wuya. Mace kan je asibiti tana zubar da jini ta ce ɓari ta yi, a rubuta haka. Don haka masu bincike kan ƙirga waɗanda aka yi wa wankin ciki a asibitoci, su cire adadin ɓarin da aka saba gani, su ninka ragowar da ƙiyasin ma'aikatan lafiya na waɗanda ba su zo asibiti ba.

Da wannan hanya Cibiyar Guttmacher ta Amurka da abokan aikinta na Nijeriya suka ƙiyasta zubar da ciki 610,000 a 1996. A 2012 adadin ya kai miliyan 1.25, wato 33 cikin kowaɗanne mata 1,000 masu shekara 15 zuwa 49. Arewa maso Yamma, inda Kano take, tana da 31, Arewa maso Gabas 41, Kudu maso Kudu 44, Kudu maso Yamma da Arewa ta Tsakiya 27 kowanne. Wannan ya rushe zaton cewa matsalar ta Kudu ce kawai. A shekarar an yi jinyar mata 212,000 saboda illar zubar da ciki, wasu 285,000 kuma sun samu illa mai tsanani ba su sami kulawa ba.

Binciken PMA2020 na 2018, wanda ya shafi jihohi bakwai har da Kano da Kaduna, ya bi wata hanya: ya tambayi mace game da kanta, ya kuma tambaye ta game da aminiyarta ba tare da ambaton suna ba. Amsar kai ta ba da 29 cikin 1,000, ta aminiya ta ba da kusan 46. Fiye da kashi 60 cikin 100 an yi su ta hanya mafi haɗari, kuma wannan ya fi yawa ga matan karkara, matalauta da waɗanda ba su yi boko ba. A duniya baki ɗaya Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta miliyan 73 a shekara, kashi 45 cikin 100 ba bisa ƙa'idar lafiya ba.

Dalilai

Binciken da aka yi wa mata 2,978 a jihohi takwas tsakanin 2002 da 2003 ya gano kashi 28 cikin 100 sun taɓa samun cikin da ba sa so, kuma rabinsu sun yi ƙoƙarin zubarwa. Cikin waɗanda suka nema, kashi 43 sun ce ba su da aure, ko sun yi ƙanƙanta, ko suna makaranta. Sauran dalilan sun haɗa da son hutawa tsakanin haihuwa, talauci, da matsala da wanda ya yi cikin. A Arewa, inda ake aurar da mata da wuri, matan aure da zawarawa suna da kaso mai yawa: mai goyon da ta yi kwanika, wadda aka saka da ƙaramin ciki, da wadda haihuwa ta gajiyar.

Tushen duka shi ne ƙarancin hanyoyin tazarar haihuwa. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 12 cikin 100 na matan aure ne ke amfani da hanyoyin zamani a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kusan kashi 6, inda mace kan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaici.

Magunguna, kasuwa da asibiti

A 2006 hukumar NAFDAC ta yi wa ƙwayar misoprostol rajista don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne babban makashin masu jego. Da yake ƙwayar na sa mahaifa ta matse, sai ta zama hanyar zubar da ciki a ɓoye, ana sayenta a kemis ba takardar likita. Wannan ya rage amfani da ƙarafa da saiwoyi masu guba, amma ya zo da nasa haɗarin: jabun magani, shan da ya wuce ƙima, da rashin sanin watannin cikin.

Ƙaramar hukumar Fagge ta Kano, mai ɗauke da Kantin Kwari da Sabon Gari, ta daɗe tana zama cibiyar sarin magunguna da ke ciyar da kemis-kemis na Arewa har zuwa Nijar. A Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna fiye da 1,000 a Sabon Gari da kewaye, aka umarci 'yan kasuwar su koma sabuwar cibiyar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya, inda ake sa ido kan abin da ke shiga da fita.

Kulawa bayan zubewar ciki halal ce a doka, ko ɓari ne ko da gangan, kuma manyan asibitoci irin su Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna yin ta. Tun shekarun 1990 aka soma horar da likitoci, daga baya har da ungozomomin asibiti, kan wanke mahaifa da na'urar zuƙa ta hannu maimakon kankara. Abin da ya fi kashe mata shi ne jinkiri: tsoron tonon asiri kan sa a ɓoye yarinya a ɗaki har jini ya ƙare ko mahaifa ta ruɓe. A Nijeriya, ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutuwar mata 82,000 ta dalilin ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duniya, wannan kulawa da kuma tazarar haihuwa tsakanin ma'aurata, wadda malamai da yawa suka halatta bisa ƙiyasi da azalu (zubar da maniyyi a waje), su ne fagen da likitoci da malaman addini suka fi samun daidaito, alhali sashe na 232 yana nan yadda aka rubuta shi tun 1960.