A Matter of Life and Death: Fim ɗin soyayya da ya gurfanar da daular Birtaniya a kotu

A ranar 1 ga Nuwamba, 1946, aka fara haska fim ɗin A Matter of Life and Death a sinimar Empire da ke Landan, a gaban Sarki George na Shida. Michael Powell da Emeric Pressburger ne suka rubuta shi, suka kuma ba da umarni. A Amurka an sake masa suna zuwa Stairway to Heaven.

Labarin ya fara ne a daren 2 ga Mayu, 1945. Peter Carter, wanda David Niven ya fito a matsayinsa, matuƙin jirgin yaƙin Birtaniya ne samfurin Lancaster. Yana dawowa daga farmaki a Jamus jirginsa na ci da wuta, ga shi ba shi da laimar dira. Muryar ƙarshe da ya ji ta rediyo ita ce ta June, Ba'amurkiya mai aikin sadarwa a wani sansanin soja a Ingila, rawar da Kim Hunter ta taka. Ya yi mata sallama, ya faɗo daga jirgin yana jiran ajali.

Sai dai ɗan aiken da wata duniyar ta turo ya tafi da shi ya kasa gano shi a cikin hazo. Peter ya farka a bakin teku, ya haɗu da June, soyayya ta ƙullu. Da ɗan aiken ya dawo, sai Peter ya ƙi bin sa. Ya ce kuskuren nasu ne, kuma yanzu akwai wadda za ta yi rashinsa, don haka ya ɗaukaka ƙara.

Fim ɗin bai yi da'awar siffanta lahirar wani addini ba. Tun daga farko ya bar ƙofa a buɗe cewa komai na iya zama a cikin kan Peter ne kawai. Likita Frank Reeves ya gano rauni a ƙwaƙwalwarsa, kuma ana yi masa tiyata a daidai lokacin da ake sauraron ƙararsa. Mai ɗaukar hoto Jack Cardiff ya nuna wannan duniya da launuka masu ƙayatarwa, ita kuwa waccan da fari da baƙi, mai kama da ofishin gwamnati cike da rajista da akawu. Hotunan kansu suna cewa rayuwa ta cancanci a yi shari'a a kanta.

Tushen fim ɗin na siyasa ne. Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Birtaniya ce ta buƙaci fim da zai gyara dangantakar Birtaniya da Amurka, wadda ta yi tsami bayan sojojin Amurka sama da miliyan ɗaya sun zauna a ƙasar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Aikin farfaganda aka ba su, amma Powell da Pressburger ba su tsaya kan yabon ƙasarsu ba.

A zauren shari'ar, mai gabatar da ƙara shi ne Abraham Farlan, Ba'amurken da harsashin Birtaniya ya kashe a 1775. Ya nuna masu taimaka wa alƙali ɗaya bayan ɗaya: Bafaranshe, ɗan ƙabilar Boer na Afirka ta Kudu, ɗan Rasha, ɗan Sin, Ba'indiye da ɗan Ireland, kowannensu da tabon da Ingila ta bar wa mutanensa. Reeves, wanda ya mutu a hatsarin babur ya zama lauyan Peter, bai iya musanta wannan tarihi ba. Abin da ya yi shi ne neman a canza su, yana mai dagewa cewa mutum ɗaya ake yi wa shari'a, ba ƙasa ba. An haska wannan a gaban sarki, ƙasa da shekara guda kafin Indiya ta sami 'yanci a Agustan 1947.

Pressburger ya san zafin a yi wa mutum hukunci da asalinsa. Bayahude ne ɗan Hungary da ya tsere daga Jamus bayan 'yan Nazi sun hau mulki, kuma mahaifiyarsa ta halaka a sansanin Auschwitz.

Hujja ta ƙarshe ba ta fito daga bakin lauya ba. June ce ta taka matakalar da ke tafiya zuwa waccan duniya domin ta mutu a madadin Peter, sai matakalar ta tsaya cak. Kotu ta ƙara masa kwana, tiyata kuma ta yi nasara.

Masu suka na iya cewa fim ɗin ya ambaci laifukan mulkin mallaka ne sannan ya lulluɓe su da soyayya, domin babu wanda ya biya diyyar ko ɗaya daga cikinsu. Duk da haka, ya bar tambayar da har yau ba ta tsufa ba: shin ana kama mutum da laifin ƙasarsa? A 1999, Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta sanya shi na 20 a jerin fitattun fina-finan ƙasar 100 na ƙarni na 20.