Asalin Gajartar Napoleon

In ana hirar Napoleon, sarkin Faransa, ba a rasa mai cewa ai ɗan guntu ne, wai ma gajartar ce ta sa shi zafin kai da son yaƙi. Mutumin kuwa ba gajere ba ne. Abokan gabansa na Ingila ne suka rage masa tsawo, da alƙalami.

Ga yadda abin ya faru. A birnin Landan an yi wani mai zanen barkwanci, ana ce masa James Gillray, wanda in ya sa mutum a gaba, sai dai Allah ya kyauta. A 1803, da yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin Ingila da Faransa, sai ya zana Sarkin Ingila George na Uku ya ɗora Napoleon a tafin hannunsa, ya kafa tabarau a ido yana leƙensa. A wasu zanen kuma ya mai da shi ɗan mitsitsi cikin ƙatuwar hula da manyan takalma, yana ta shure-shure don fushi. Jama'a su taru a ƙofar kantin da ake sayar da zanen, su yi ta kyalkyala dariya. Yawancinsu ba su taɓa ganin Napoleon ba, saboda haka wanda Gillray ya nuna musu shi suka sani.

Waɗanda suka gan shi ma ido ya yaudare su, domin dogaransa zaɓaɓɓu ne, zaratan ƙarti masu dogayen huluna na fatar dabba. Kowa ya tsaya tsakaninsu dole ya ƙanƙance.

Sai kuma maganar awo, wadda ta zo ta buga wa ƙaryar hatimi. Da ya mutu a tsibirin Saint Helena a 1821, inda aka tsare shi bayan an ci shi da yaƙi a Waterloo, likitansa Antommarchi ya auna gawar, ya rubuta ƙafa 5 da inci 2 da ɗan kai. To, a zamanin nan inci kamar mudu yake, kowace kasuwa da nata. Na Faransa santimita 2.7 ne, na Ingila kuwa 2.54. In ka ƙirga da na Ingila, sai ka sami mutum mai santimita 157. Da na Faransa kuwa, wanda shi likitan yake nufi, ya kai 168, wato tsawon yawancin Faransawan lokacin, har ma ya ɗan ɗara. Mutanen Ingila fa ba su tsaya bincike ba, tunda lissafin ya yi musu daɗi.

Abin dariya, tun kafin Napoleon ya hau sarauta a 1804 Faransa ta ƙirƙiro mita don a huta da irin wannan ruɗani. Mutane dai ba su saki tsohon awo ba, har shi likitan.