Albarkun Tashin Almasihu: Darasi Daga Ikilisiyar Kartaj

 Karatunmu na yau yana cikin 1 Korintiyawa 15:12-22. A nan Manzo Bulus ya nuna cewa dukan bangaskiyarmu a kan tashin Almasihu take tsaye. In aka cire wannan, wa'azi ya zama aikin banza, zunubanmu kuma suna nan a wuyanmu. Sau da yawa mukan ɗauka sai ranar ƙarshe za mu ga albarkar tashin matattu. Amma tarihin ikilisiya ya nuna mana masu bi da suka ci moriyarta tun suna da rai. Bari mu dubi abin da ya sami 'yan'uwanmu na Afirka ta Arewa tsakanin shekara ta 250 da 258.

Kartaj babban birni ne a bakin Bahar Rum, kusa da inda birnin Tunis yake a yau. A zamanin nan yana ƙarƙashin mulkin Romawa. Shugaban ikilisiyar birnin shi ne Bishop Sifiriyan, mutum mai ilimi da dukiya, wanda bai karɓi Almasihu ba sai da ya manyanta, wajen shekara ta 246. Ya raba wa matalauta yawancin abin da ya mallaka, ba a kuma daɗe ba jama'a suka zaɓe shi ya zama makiyayinsu.

A shekara ta 250 Kaisar Desiyus ya ba da doka cewa kowa ya miƙa hadaya ga gumakan Roma, a ba shi takardar shaida. Waɗansu masu bi suka ƙi, aka kulle su, aka azabtar da su, waɗansu har suka mutu. Amma da yawa suka fāɗi. Akwai waɗanda suka yi hadayar, akwai kuma waɗanda suka ba da toshiya aka rubuta musu takardar. Sifiriyan ya ɓuya, yana kiwon garken ta wurin wasiƙu.

Da tsananin ya lafa a 251, waɗanda suka yi mūsun Ubangiji suka dawo da kuka. Sai gardama ta tashi. Waɗansu suka ce a karɓe su nan take kamar ba abin da ya faru, waɗansu kuwa suka ce kada a karɓe su har abada. A wannan shekara shugabannin ikilisiyoyin yankin suka taru a Kartaj, suka yanke shawara cewa ƙofar tuba a buɗe take, amma sai mutum ya nuna tuban gaskiya.

Albarka ta fari ke nan, wato gafara. Mu tuna Bitrus ya yi mūsun Yesu har sau uku. Da Yesu ya zauna a kabari, da Bitrus ya ƙare kwanakinsa da kunyar wannan dare. Amma Ubangiji da ya tashi ya same shi a bakin Tekun Galili, ya maido shi, ya danƙa masa kiwon tumakinsa (Yahaya 21). Romawa 4:25 kuma ta haɗa tashin Almasihu da kuɓutarmu a gaban Allah. Mai Ceto rayayye ne kaɗai yake iya ɗaga wanda ya fāɗi.

Ba a gama da wannan ba sai annoba ta shigo birnin, wajen shekara ta 252. Sifiriyan da kansa ya rubuta alamunta: zawo da amai ba tsayawa, miki a maƙogwaro, idanu su yi jawur, ƙafafun waɗansu su ruɓe, waɗansu su kurmance ko su makance. Cutar ta yi fiye da shekara goma tana zagaya ƙasashen Romawa. Fontiyus, dikon wanda ya rubuta tarihin Sifiriyan, ya ba da labari cewa mutane suka riƙa gudu, suna fitar da marasa lafiyarsu waje, gawawwaki kuma suka cika hanyoyin birni.

Sifiriyan ya tara masu bi, ya tuna musu cewa kula da naka kaɗai ba abin yabo ba ne, kowa yana yin haka. 'Ya'yan Allah sai su kula har da waɗanda suka tsananta musu. Aka raba aiki. Masu hali suka ba da kuɗi, marasa hali suka ba da ƙarfinsu. Suka yi jinyar Kirista da wanda ba Kirista ba.

Haka ma a Iskandariya ta ƙasar Masar. Bishop Diyonisiyas ya rubuta wasiƙar Ista a cikin shekarun annobar, wadda Yusibiyus marubucin tarihin ikilisiya ya adana mana. A ciki ya bayyana yadda 'yan'uwa suka yi jinyar marasa lafiya, suka rufe idanun matattu, suka yi musu wanka, suka binne su. Da yawa daga cikin masu jinyar, har da dattawan ikilisiya da dikononi, suka kamu da cutar suka rasu.

Ina suka sami wannan ƙarfin hali? Ba su da magani, jikinsu kuwa irin na kowa ne. Amsar tana cikin Ibraniyawa 2:14-15, inda muka ga Almasihu ya 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su. Albarka ta biyu ke nan. Wanda ya tabbata kabari ba shi ne ƙarshe ba, zai iya shiga ɗakin da kowa yake gudu.

Albarka ta uku ita ce bege. Sifiriyan ya rubuta ɗan littafi a kan mutuwa domin ya ƙarfafa jama'arsa. Ya koya musu cewa waɗanda suka rasu cikin Ubangiji ba su ɓata ba, gaba suka yi, kamar matafiyan da suka riga mu kama hanya. Wannan ya yi daidai da 1 Tasalonikawa 4:13-14. Ba a hana mu kuka ba, sai dai kukanmu ya bambanta da na marasa bege. Masu bi na zamanin nan sukan kira maƙabartarsu da wata kalmar Helenanci mai ma'anar wurin barci. Mu ma mukan kira kabari makwanci. Mai barci kuwa, ana sa ran farkawarsa.

Sifiriyan ya hatimce koyarwarsa da jininsa. A 257 Kaisar Baleriyan ya sabunta tsananin, aka kore shi daga birnin. Ran 14 ga Satumba 258 aka gurfanar da shi gaban gwamna Galeriyus Maksimus, ya ƙi yin hadaya. Da aka yanke masa hukuncin kisa da takobi, sai ya gode wa Allah. Ya kuma sa a ba haunin da zai sare kansa zinariya 25. Da dare masu bi suka ɗauki gawarsa da fitilu, suka binne shi.

'Yan'uwa, mu ma mun san kwalara da sanƙarau, mun san tashin hankali, mun kuma san ɗan'uwan da ya ja da baya yana jin kunyar dawowa sujada. To, yaya za mu yi? Wanda ya fāɗi, mu neme shi, gama Ubangiji ya nemi Bitrus. Maƙwabci marar lafiya, ko wane ne shi, mu ziyarce shi, muna kiyaye shawarar ma'aikatan lafiya. Gidan makoki, mu kai musu Maganar Allah tare da taimakon hannu. Bulus ya rufe surar tashin matattu da tabbacin cewa wahalarmu cikin Ubangiji ba za ta tafi a banza ba (1 Korintiyawa 15:58).

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin ka ta da Ɗanka daga matattu. Ka gafarta mana, ka kawar da tsoro daga zukatanmu, ka cika mu da bege ta wurin Ruhunka Mai Tsarki, domin mu bauta maka da aminci kamar bayinka na dā. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.