Yadda magani da gashi ke ƙara wa katako kwana

Katako abinci ne ga gara da funfuna. Kusan rabinsa selulos ne, wato zaren da ke ba shi ƙarfi, sai hemiselulos mai saurin zuƙar ruwa, da lignin mai ɗaure su wuri guda. Da zarar danshin cikinsa ya haura kashi 20 cikin 100, ruɓewa ta sami ƙofa. Hanyoyi biyu ake bi wajen kare shi.

Magani

A 1838 John Bethell na Ingila ya fito da dabarar ɗura wa katako kiriyosot, wani baƙin mai da ake tatsa daga kwal, ta hanyar matsa shi cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe. Har yau ana amfani da ita ga falwaya da katakon layin dogo. A 1933 kuma Sonti Kamesam na Indiya ya haɗa CCA: jan ƙarfe na kashe funfuna, asenik na kashe ƙwari, kuromiyam na liƙe su a jikin itacen, wanda kan koma kore-kore.

Sai dai asenik guba ne. Daga ƙarshen 2003 Amurka ta daina sanya CCA a yawancin katakon gidaje da na wuraren wasan yara. Hura wuta da irin wannan katako haɗari ne, domin gubar na bin hayaƙi, tana kuma taruwa cikin toka.

Gashi

A shekarun 1990 aka inganta wata hanya a ƙasar Finland, inda ake gasa katako da zafin digiri 185 zuwa 215 cikin tururi don kada ya kama da wuta. Zafin na wargaza hemiselulos, sai katakon ya yi duhu, ya rage shan ruwa da kumbura, funfuna kuma ta rasa abinci. Amma yakan yi gautsi, don haka bai dace da ɗaukar nauyin rufi ba, kuma gara ba ta ƙyale shi.

Abin lura a Najeriya

Baƙin man mota da kafintoci ke shafa wa katakon rufi a fatarsa yake tsayawa, ba ya ratsa ciki. Saboda haka, duk kwangilar rufin aji ko asibiti da ta ce a sa katako mai magani, ya kamata a tambaya: wane magani, kuma ɗurawa aka yi ko shafawa?