Kafin a zargi kamfanin layi

A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan suka ƙirƙiri cutar kwamfuta mai suna Brain. A 1987 McAfee ya fito da manhajar riga-kafi, sai Speedtest mai auna saurin intanet ya biyo baya a 2006.

A Tasawa da Mayahi, ta layin salula intanet ta shiga gidaje. Malami kan jona kwamfuta da wayarsa, ya auna, ya ga tafiyar hawainiya, ya ɗora wa kamfani laifi. Alhali wani lokaci riga-kafin ne ke tace abin da ke shigowa, ko yana sabunta kansa a ɓoye. A jira ya gama, a sake aunawa. Iyaye, kada ku bari yara su goge shi saboda neman sauri.