Makaɗin da Ba a Kiran Sunansa: Daga Zangon Kumasi zuwa Ƙungiyar Osibisa

Gabatarwa

Kalmar makaɗi tana ɗauke da ma'ana biyu a Hausa, kuma karin sauti ne kaɗai ke raba su. Idan aka furta ta da karin sama-ƙasa-sama, ana nufin mutumin da ke yin kiɗa, jam'inta makaɗa. Idan kuwa aka furta ta da karin sama-sama-sama, ana nufin lanƙwasasshen icen nan da ake buga ganga da shi, jam'inta makaɗai. Al'ada ta ƙara wa kalmar ma'ana ta uku. Yayin da aka ce Makaɗa Ibrahim Narambaɗa ko Makaɗa Musa Ɗanƙwairo ko Makaɗa Sa'idu Faru, shugaban ƙungiya ake nufi, wanda muryarsa ke jan waƙa. Mutanen da ke bayansa riƙe da kotso ko kalangu kuwa, akan haɗa su a kalma ɗaya a ce yaransa. Ke nan harshe ya ɗauki sunan mai kiɗa ya naɗa wa mai waƙa, mai kiɗan ya zauna babu suna. Wannan rubutu zai bi sawun mutumin nan na baya daga Zangon Kumasi a ƙasar Gana, inda al'adun kiɗa uku suka haɗu, har zuwa ƙungiyar rok mafi shahara da 'yan Kumasi suka kafa.

Zango tsakanin al'adu uku

Goro ne ya kai Hausawa ƙasar Ashanti, waɗanda fatake suka fi sani da Tonawa. Ayarori sukan taso daga Kano da Katsina su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, su sayar da kanwa da tufafi da fatu, su yi lodin goro. Turawan Ingila biyu da suka ziyarci Kumasi, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da Musulmi zaune kusa da fada suna rubuta wa sarki layu da wasiƙu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fatake zuwa wasu garuruwa, sannan Ingila ta mamaye Kumasi a 1896, ta murƙushe boren Yaa Asantewaa na 1900 da taimakon sojojin da ake kira Hausa. Bayan haka ne zango ya bunƙasa, aka naɗa Sarkin Zango, unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango suka cika da Hausawa da Mosawa da Dagwamba da Yarabawa da Zabarmawa, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Enid Schildkrout ta yi nazarin wannan al'umma a littafinta na 1978.

Kowace ƙabila ta zo da matsayin da ta ba mai ganga. A fadar Ashanti, mai buga tagwayen gangunan atumpan, wanda ake kira okyerema, babban ma'aikacin fada ne, shi ke faɗar kirarin sarakunan da suka shuɗe da bakin ganga. A wurin Dagwamba, makaɗan da ake kira lunsi su ne taskar tarihi, suna haddace salsalar sarakunan Yendi suna gadar da ita ga 'ya'yansu. Bahaushe kuwa ya zo da ra'ayi mai fuska biyu. Sarki ba ya cika sarki sai da tambari, mahauci yana da kalangunsa, manomi da gangarsa, ɗan dambe da takensa. Amma al'umma ta jera makaɗi cikin maroƙa, a ƙasan tsanin daraja, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na roƙo a 1957. Malaman jihadin Sakkwato ma sun soki kaɗe-kaɗen shagala, suka bar ƙofa ga gangar yaƙi da ta shela. Saboda haka makaɗin zango ya rayu a garin da maƙwabtansa ke girmama sana'arsa, alhali danginsa na buƙatarsa a kowane biki da suna da naɗin sarauta, suna kuma jinkirin ba shi 'yarsu.

Duk da haka, gangarsa ta shiga inda shi bai shiga ba. Gangar hammata mai siririn ƙugu, wadda Ashanti ke kira donno, daga arewa ta zo musu, 'yar'uwar kalangu ce da lunga ta Dagwamba. Ta samu gurbi a kaɗe-kaɗen gargajiyar Akan, waɗanda J. H. Kwabena Nketia ya rubuta littafi a kansu a 1963.

Mene ne aikin mai ganga?

Aikin farko shi ne riƙon lokaci. Mawaƙi yakan ja layi ya tsawaita, ko ya tsaya ya karɓi kyauta, ko ya saki baki ya ƙirƙiro sabon ɗa nan take. Abin da ke ba shi damar wannan yawo shi ne tabbacin cewa kiɗa na nan inda ya bar shi. A ƙungiyar kalangu, kuntuku da ɗan karɓi sukan riƙe bugu ɗaya ba su kauce ba, babban kalangu kuma ya yi ta shiga da fita a tsakaninsu. Aiki na biyu shi ne magana. Mai kalangu yana matse tsarkiya da hammata, fata ta ɗame sauti ya hau, ya sassauta sauti ya sauka, ta haka yake kwaikwayon karin sautin Hausa har mai sauraro ya gane taken wane ake yi ba tare da an buɗe baki ba. Aiki na uku shi ne jagorancin fili: shi ke lura da ƙafafun masu rawa, ya san lokacin da za a zafafa da lokacin da za a sauka. Duk wanda ya saurari Mamman Shata ya san waƙarsa a kan kalangai take tafiya, amma kaɗan ne cikin masu sauraro za su iya kawo sunan mutum ɗaya daga masu buga su.

Mai gangar ƙungiyar rok waɗannan ayyuka yake yi, sai dai shi kaɗai ne ke ɗauke da abin da mutum uku ko huɗu ke rabawa a gargajiya. Ƙafar dama tana taka babbar ganga, ƙafar hagu tana buɗe tagwayen faya-fayan ƙarfe tana rufewa, hannu ɗaya yana ƙirga lokaci, ɗayan yana sara ƙaramar ganga. Gaɓoɓi huɗu, kowace da nata bugu, kuma kuskuren ɗaya ya isa ya watsa waƙar gaba ɗaya.

Daga Kumasi zuwa Landan

Teddy Osei da ƙanensa Mac Tontoh haifaffun Kumasi ne, a garin da atumpan da donno da kalangu ke tashi a rana ɗaya. A shekarun 1950 sun yi kiɗan hailaif a ƙungiyar Comets, Osei yana busa saksafon, Tontoh yana busa ƙahon Turawa. Osei ya tafi Landan a 1962. A 1969 ya gayyato ƙanensa tare da abokinsu mai ganga, Sol Amarfio, mutumin Akra, suka haɗu da Lasisi Amao na Nijeriya da wasu 'yan tsibiran Karibiyan uku, aka kafa Osibisa. Shekarar nan ce kuma gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takardu, zanguna suka yi asarar ɗimbin mazaunansu.

Osibisa ta fitar da faya-fayai biyu a 1971, na biyun mai suna Woyaya, waƙarsu Sunshine Day kuma ta shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa a Ingila a 1976. Ƙungiyoyin rok masu gita sun yi yawa a Landan a wancan zamani. Abin da ya bambanta Osibisa shi ne ganguna: Amarfio a kan jerin gangunan Turawa yana riƙe da lokaci, Amao da sauran 'yan ƙungiya suna saƙa wasu bugun a kai, kusan kowa da abin kaɗawa a hannu. Tsari ne irin na fili, wanda duk mai zuwa biki a Aboabo zai gane shi. Sunan Amarfio yana cikin waɗanda aka jingina wa ƙirƙirar waƙar Woyaya, wadda Art Garfunkel ya sake rerawa a Amurka a 1973. Ya rasu a Disambar 2022, Osei kuma a Janairun 2025, kuma har yau sunan mai saksafon ne ke fara zuwa baki idan aka ambaci ƙungiyar.

Amarfio yana da magabaci. Guy Warren, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, ya buga ganga a ƙungiyar Tempos tare da E. T. Mensah, sannan ya kai gangar hammata cikin kiɗan jaz a Amurka da faifansa Africa Speaks, America Answers na 1956. Tony Allen, wanda ya riƙe wa Fela Kuti ganga daga 1964 zuwa 1979, ya sha ambaton Warren cikin waɗanda ya koya daga gare su.

Kura da shan bugu

Dalilin ɓoyuwar mai ganga bai tsaya ga inda yake zama a bayan dandamali ba. Dokar haƙƙin mallaka, yadda aka saba aiki da ita, tana kare kalmomin waƙa da karin muryarta, ba ta cika ɗaukar salon bugu a matsayin ƙirƙira ba. Clyde Stubblefield, mai gangar James Brown, ya yi wani ɗan gajeren bugu a faifan Funky Drummer na 1970, wanda ɗaruruwan waƙoƙi suka yanka suka ɗora a nasu, bai samu rabon mawallafi ba har ya rasu a 2017. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A gargajiyar Hausa ma, kyautar doki ko riga ko kujerar Makka hannun shugaban ƙungiya take shiga, shi ke yanka wa yara abin da ya ga ya dace. Akan san nauyin mai ganga ne ranar da aka rasa shi. Da John Bonham ya mutu a Satumbar 1980, sauran 'yan Led Zeppelin uku suka rushe ƙungiyar kafin shekarar ta ƙare.

Ranar da na'ura ta karɓi ganga

Bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981, dokar hana fitar dare ta ɗauki fiye da shekara biyu a Gana, gidajen rawa suka mutu, makaɗa da yawa suka yi ƙaura. Waɗanda suka sauka Jamus sun ƙirƙiro sabon hailaif da na'urar da ke buga ganga da kanta. A shekarun 1990 irin haka ta faru a Kano, inda fiyano ya maye gurbin kalangu a waƙoƙin fina-finan Hausa, kasusuwan da faya-fayan suka bi hanyar goro ta dā suka isa zangunan Gana. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mai biki a yau yana iya ɗauko mutum ɗaya da kwamfuta da lasifika a maimakon ƙungiyar mutum shida. Na'ura tana riƙe lokaci ba ta gajiya, amma ba ta san taken gidan ango ba, ba ta kuma ganin dattijuwar da ta shigo fili balle ta sauya mata kiɗa.

Kammalawa

Hasarar da ke tafe ta shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Take adabi ne, jimloli ne masu karin sauti da aka ajiye a fatar ganga, kuma a kan makaɗi kaɗai suke zaune. Mafi yawan nazarce-nazarcen waƙar baka sukan rubuta matanin waƙa su fassara shi, su ambaci kayan kiɗa a layi guda. David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa a ƙamusunsu na 1971, Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, amma fagen masu bugun kansu yana nan a buɗe, musamman a zangunan Gana. Mai nazarin da ya je Kumasi da na'urar ɗaukar magana, ya kamata bayan ya gama da mawaƙi ya juya ga na bayansa, ya tambaye shi sunansa da na wanda ya koya masa, ya roƙe shi ya buga take goma ya faɗi abin da kowanne ke cewa.